Mainin (haƙar kirifto) da katin girafik na gida: har yanzu akwai riba ko kasuwa ta watse?

Sadiq_Zane:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa harkar nan da hannunsu. Wani ya kawo min katin girafik na hannu, RTX 3060 mai giga 12, ya ce in ba da dubu 320. Ina da kwamfutar tebur da nake aikin zane da ita a shago, amma da na tashi da magariba a kashe take kwana. Na ga wani bidiyo a YouTube, mutumin ya ce da irin wannan katin ya mai da kuɗinsa cikin wata biyar yana haƙar kirifto, daga nan sai cin riba. Layinmu Band A ne, wuta tana zama sosai. Kuɗin na adashi ne, wannan watan na ɗauka, ba na so in zuba su a rijiya. Don Allah in saya ko in haƙura?

Dan_Beirut:
Wa alaikumus salam. Kafin komai, koma ka duba ranar da aka ɗora bidiyon nan.

Sadiq_Zane:
Na duba, 2021 ne.

Dan_Beirut:
To ka ga inda gizo ke saƙa. Mutumin bai yi ƙarya ba, amma zamaninsa ya wuce. A 2021 ina shago a Beirut Road, kasuwar kayan kwamfuta da waya ta Kano, kati ba ya kwana a hannunmu. RTX 3080 da Nvidia ta sa wa dala 699 sai da ya koma ana sayar da shi fiye da ninki biyu a kasuwannin duniya, kuma ana rububi. Duk saboda abu ɗaya ne, kuɗin kirifton da ake kira Ethereum. Ita ce take biyan kusan duk mai kati a duniya. Ran 15 ga Satumba 2022 Ethereum ta daina amfani da masu haƙa gaba ɗaya, ta koma tsarin da masu ajiye kuɗinsu a matsayin jingina ne suke tabbatar da ciniki. Daga wannan rana katin da jiya yake kawo daloli ya koma yana kawo 'yan kwabbai. Bayan 'yan watanni sai ga katuna na hannu sun cika kasuwa, RX 580 kamar a yi kyauta da su. Ka tambayi mai sayar maka, in da katin yana haƙo kuɗi me zai sa ya rabu da shi?

Kamalu_BTC:
Ni fa ban yarda an daina ba. Bara na haƙa Bitcoin da katina kuma kuɗi ya shigo walat ɗina, wato asusuna na kirifto, da idona na gani.

Injiniya_Sola:
Kamalu, da NiceHash ka yi ko?

Kamalu_BTC:
Eh, da ita ne.

Injiniya_Sola:
To ba Bitcoin katinka ya haƙa ba. NiceHash kasuwa ce, kai kana ba da hayar ƙarfin katinka, wani ya biya ya haƙa wani ƙaramin kuɗi da shi, kai kuma a sallame ka da Bitcoin. Ita Bitcoin ɗin kanta tun wajen 2013 ta fi ƙarfin katin girafik. Na'urori ne na musamman da ake kira ASIC suke yinta, ba su iya komai ba sai wannan lissafin. Antminer S19 Pro guda ɗaya tana jan wat 3,250, kuma a lissafin Bitcoin ta fi dubun dubatar irin katinka a haɗe. Su kansu masu ita suna kuka tun Afrilun 2024 da ladan kowane bulo, wato kowane ƙunshin ciniki da aka tabbatar, ya ragu daga Bitcoin 6.25 zuwa 3.125.

Bari in yi wa Sadiq lissafin a fili, don wannan harka ba ta da wani sirri sai na kuɗin wuta. Katin 3060 in ka rage masa wuta yadda masu mainin suke yi, zai ja kamar wat 140 a irin lissafin Ravencoin, ɗaya daga cikin kuɗaɗen da ake haƙa da kati. Amma ba shi kaɗai yake aiki ba, akwai sauran kayan cikin kwamfutar, ga abin da ke salwanta a akwatin raba wuta, ka ƙara kamar wat 60. Ya zama 200. A awa 24 yunit 4.8 ke nan a mitarka. Band A tun Afrilun 2024 aka kai shi naira 225 kan yunit ɗaya, daga baya aka ɗan sassauta, amma bai sauko ƙasa da 200 ba. Mu sa 210. Yunit 4.8 sau 210, naira dubu ɗaya da 'yan kai kowace rana. A wata dubu 30 ke nan, ko ka samu ko ba ka samu ba sai ka biya.

Yanzu ka shiga WhatToMine, shafin da ke lissafa abin da mainin yake kawowa, ka zaɓi katin, ka ga abin da yake kawowa a rana kafin a cire wuta. Kar ka ɗauki maganata, ka duba da kanka, domin kullum canzawa yake. Ni duk dubawar da na yi a 'yan watannin nan ban ga ya wuce santi 20 zuwa 30 na dala ba. In dala tana 1,500, naira 300 zuwa 450 ke nan. Ka kashe dubu ka samu 400. Ba maganar mai da kuɗin kati ake ba, kullum ka kunna shi asarar 600 kake yi daga aljihunka.

Sadiq_Zane:
Innalillahi. Injiniya na gode, wallahi ban taɓa sa kuɗin wuta a lissafin ba, tunda dama ina sayen kati na mita kowane mako.

Mai_Unguwa_Jr:
Tambayata ita ce me ya sa abin ya faɗi haka? Ai akwai wasu kuɗaɗen da ake haƙa da kati har gobe. Ethereum Classic tana nan, Ravencoin tana nan, ga Ergo. Don Ethereum ta tafi sai a ce duka sun mutu?

Malam_Lissafi:
Ba su mutu ba ƙanena, hannaye ne suka yi wa akushi yawa. Abin da mutane da dama ba su gane ba shi ne, ladan da kowane kuɗi yake rabawa a rana ƙayyadadde ne. Ko mutum goma ne suke haƙa ko miliyan goma, abin da za a raba bai ƙaru ba, sai dai lissafin ya ƙara wuya, rabon kowa ya ragu. Kafin ta canza tsari, Ethereum tana raba wa masu haƙa kusan ETH 13,000, wato kuɗin nata, kowace rana, a lokacin da guda ɗaya ta taɓa haura dala 4,800 a Nuwamban 2021. Wannan babban akushi ne, miliyoyin katuna suna ci suna ƙoshi. Da aka ɗauke shi, duk katunan nan suka juya kan ƙananan kwanuka. Ƙarfin masu haƙar Ethereum Classic ya ninka fiye da sau uku cikin kwana ɗaya zuwa biyu, alhali abin rabawa yana nan yadda yake. Sannan su ƙananan ma raguwa suke yi. Ravencoin ta rage ladanta daga 5,000 zuwa 2,500 a Janairun 2022, Ethereum Classic kuma tana zabtare kashi 20 cikin 100 duk bayan bulo miliyan 5. Saboda haka wanda ya rage a fagen shi ne wanda wutarsa ta fi ta kowa araha. Shi ne yake sa farashi, kai mai biyan 210 kana gasa da shi ba ka sani ba.

Bashir_Jidda:
Malam ya faɗi gaskiya. Ina aiki a Jidda, nan wutar gida halala 18 ce kan yunit ɗaya a matakin farko, ban da haraji, wato kamar santi 5 na dala. Da lissafin Injiniya na yunit 4.8, zan biya kamar santi 23 a rana. To ku duba, ni da wutata ta kusa zama kashi ɗaya cikin uku na taku, da ƙyar nake fita ba riba ba asara. Katuna huɗu gare ni tun 2021, na kwance uku na sayar, ɗaya na bar wa yara suna wasa da shi. Ga zafin da yake ƙara wa ɗaki, sai esi ta ƙara aiki, wannan ma kuɗi ne.

Auwal_Dorayi:
Mu da ba Band A ba fa? Namu yunit bai kai rabin naku ba.

Injiniya_Sola:
Auwal, arahar taku tana tare da rashin wutar. A tsarin da aka yi, Band A awa 20 ne mafi ƙaranci, B 16, C 12, D 8, E 4. A ce kana D, kana biyan naira 60, kuma an ba ka awa 8 ɗin cif. Katin zai kawo kashi ɗaya cikin uku na 400, kamar 133. Wutar yunit 1.6 ce, naira 96. Ribarka ba ta kai 40 ba a rana. Raba dubu 320 da 40 ka ga shekara nawa za ka yi, sun haura ashirin. Kuma ɗauke wuta da kawowa babu sanarwa shi ne babban abin da ke kashe kayan kwamfuta.

Auwal_Dorayi:
To janareto fa?

Dan_Beirut:
Kar ma ka fara. Ƙaramin janareto yana shan kusan rabin lita a awa. A kwana lita goma sha wani abu, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ka san abin da hakan yake nufi. Ka ƙona sama da dubu goma don ka samu ɗari huɗu.

Zee_Kaduna:
Ni fa tun ɗazu ina bin maganar ban gane ba. Ai mu ma mainin muke yi a waya kuma ba ma biyan ko sisi na wuta. Notcoin, Hamster, Pi, duk mun yi. Me ya sa sai an sayi kati na dubu ɗari uku?

Malam_Lissafi:
Zee, suna ne ya zo ɗaya amma abin daban ne. Wanda kuke yi a waya babu wani lissafi da wayar take warwarewa don tsare wata hanyar kuɗi. Maki ake rubuta miki don kin danna, kin kalli talla, kin gayyato mutane, daga baya masu abin su yanke nawa za su raba. Shi ya sa wayar ba ta zafi kamar yadda kati yake yi. Mainin na kati kuwa wuta ce ake mayarwa lissafi, lissafin ya zama kuɗi. A naku lokaci da data kike kashewa, a nasa kuɗin mita yake kashewa.

Zee_Kaduna:
Na gane yanzu Malam, Allah ya ƙara basira. Amma data ɗin ma ba kaɗan muka ƙona ba.

Ummu_Sultan:
Ku ba ni dama in sa baki duk da ba fannina ba ne. Maigidana ya shiga wannan a 2021, katuna shida a kan wani katako da kafinta ya haɗa masa, a ƙaramin ɗakin da muke ajiye kaya. Watannin farko kam an ga alheri, ba zan ɓoye ba, da kuɗin ya sauya mana firiza. Abin da ba a faɗa a bidiyo shi ne zaman gidan. Ƙarar fankoki dare da rana kamar injin markaɗe a nesa. Watan Afrilu da zafi ya kai makura, in ka buɗe ƙofar ɗakin iska ce mai zafi take dukan fuskarka kamar ka leƙa gidan burodi. Da hunturu kuma ƙura, duk mako sai ya sauko da su yana hura musu iska, ka ga jar ƙasa tana tashi daga cikin fankokin. Wata rana da tsakar dare muka ji ƙaurin roba, wayar da take kai wa kati ɗaya wuta ce ta narke a bakin soket. Allah ya sa bai yi barci ba. Tun daga ranar na ce ko dai a fitar da su ko a riƙa kashewa in za a kwanta. Sadiq, kai da ka ce a shago za ka bar shi ya kwana yana aiki babu kowa, ka yi tunanin wannan, ba kuɗi kaɗai ba.

Sadiq_Zane:
Hajiya wannan magana ta shige ni. Shagon namu a jere yake da na masu yadi.

Nura_Kaspa:
Ni ina da ja a kan lissafin Injiniya. Ba wai ba daidai ba ne, amma lissafin yau ne kawai. Wanda ya haƙa kuɗin Kaspa da kati a 2022, lokacin ba wanda ya san ta, a lissafin ranar asara yake yi. Waɗanda suka riƙe har 2023 da 2024 su suka yi dariya. Ni na samu ƙarshen wannan damar, ban yi arziki ba amma na mai da kuɗin katina biyu har da ƙari. Mai mainin na gaske ba ya sayarwa kullum, yana haƙa ne ya ajiye.

Injiniya_Sola:
Nura, in ka yi imani wani kuɗi zai tashi, ɗauki dubu ɗayan da za ka ba mita ka saye shi kai tsaye. Za ka samu na dubu ɗaya. In ka bi ta kati za ka samu na ɗari huɗu. Wanne ya fi?

Nura_Kaspa:
Wannan gaskiya ne ga kuɗin da ya riga ya shiga kasuwa. Amma akwai sabon da bai hau kowace kasuwa ba, ba inda za ka saye shi, sai dai ka haƙa. A nan kati yake da amfani har yanzu. Makonnin farko masu haƙa ba su da yawa, rabonka babba ne.

Malam_Lissafi:
Nura ka faɗi rabi, ka faɗi ɗaya rabin mana. Cikin irin waɗannan sababbin nawa ne suka rayu? Kaspa ake tunawa saboda ta yi nasara, waɗanda suka mutu a hanya ba mai ambatonsu. Kuma ita Kaspa ɗin da ta yi daraja me ya faru? A 2023 IceRiver da Bitmain suka fito da ASIC ɗinta, masu kati suka tattara suka bar wurin. Haka abin yake tafiya, duk wanda ya yi ƙiba sai manyan na'urori su zo su karɓe. Sannan sabon kuɗi yana zuwa da sabuwar manhaja da ba wanda ya tantance ta, ka sauke ta a kwamfutar da kake aikin mutane da ita, ga walat ɗinka a ciki. Sadiq da kuɗin adashi yake magana, ba da rarar da zai iya mantawa da ita ba.

Nura_Kaspa:
Na yarda ba na kowa ba ne. Amma a daina cewa ya mutu, ni ina ciki.

Alaramma_Gwale:
Ina da tambaya ga masana, shin an tsaya an duba halaccin abin kuwa?

Bashir_Jidda:
Alaramma, malamai sun saɓa. Tsohon Muftin Masar, Shauƙi Allam, ya haramta cinikin Bitcoin, majalisar malaman Indonesiya ma a 2021 ta ce bai halatta a yi amfani da kirifto a matsayin kuɗi ba. Akwai kuma malaman da suke ganinsa dukiya ce kamar sauran, muddin babu caca da yaudara. Kowa ya tambayi malamin da ya natsu da shi.

Alaramma_Gwale:
Madalla. Amma akwai wanda ba saɓani a cikinsa, kuma shi ya sa na yi tambayar. Na ji matasa suna cewa ribar tana fitowa ne in ka zagaye mita, ko ka jona a wutar ofis ko ta makaranta ba da sanin masu wurin ba. Wannan sata ce, ko me aka haƙo da ita. Duk wanda ya ce muku yana cin riba da kati ɗaya a garin nan, ku tambaye shi wa yake biyan wutar.

Dan_Beirut:
Allah ya saka da alheri Alaramma. Wallahi akasarin masu cewa akwai riba, in ka bincika wani ne yake biya musu, ko mahaifi ko wurin aiki.

Sola_Gidan_Gona:
Ni ina ganin akwai hanya ɗaya ta halal da ta rage, kuma ita nake bi. Ina da farantin sola takwas a gona, kafin sha biyun rana batir ya cika, daga nan har la'asar wutar a banza take tafiya. Sai na sa katina RX 580 guda biyu su riƙa aiki a wannan tsakanin kawai. Ban sayi faranti don su ba, ban sayi batir don su ba, katunan ma tun da can ina da su. Duk abin da ya shigo riba ce.

Injiniya_Sola:
Wannan kam na yarda da kai ɗari bisa ɗari, saboda sharuɗɗan da ka lissafa. Amma ka faɗa wa jama'a nawa ne yake shigowa.

Sola_Gidan_Gona:
Kaɗan ne gaskiya. Sai in yi wata biyu kafin ya kai abin da pul ɗin, wato rukunin masu haƙar da nake ciki, zai yarda in cire.

Injiniya_Sola:
To ka gani. Ga Sadiq, in rana ce kawai, awa shida, katin zai kawo kamar naira 100 a yini. Kusan shekara tara kafin ya mai da dubu 320, in bai lalace ba. In kuma ya ce zai kwana yana aiki, wat 200 na tsawon awa 14 yana bukatar batir mai ɗaukar kusan yunit 3 don shi kaɗai, kuma batirin lithium mai wannan girman ya fi katin tsada. Ni sana'ata ce haɗa sola, da son kaina zan bi sai in ce ku saya. Amma ga abin da nake gaya wa masu rarar wuta: wat 200 na awa shida yunit 1.2 ne. Wannan zai caja waya kusan sittin. Ko a naira ɗari-ɗari ne, ku lissafa. Ko ka sa firiza ka yi ƙanƙara da watan azumi.

Ummu_Sultan:
Ƙanƙarar nan ita nake yi yanzu da firizar da na ambata, kuma alhamdulillahi ta fi katunan kawo kuɗi tun 2023.

Habu_Legas:
Ba wanda ya ambaci ba da hayar kati ga masu ƙirƙirarriyar basira. Akwai Vast.ai, akwai Salad, mutane suna biya su yi aiki da katinka daga nesa. Na ji an ce ya fi mainin.

Malam_Lissafi:
Akwai shi, kuma ga wanda ya cika sharaɗi yakan fi. Sai dai masu haya manyan katuna suke nema, irin 3090 da 4090 masu giga 24, da intanet mai ƙarfi wanda ba ya yankewa, da wutar da ba ta ƙiftawa. Mutum ya ɗora aikin awa goma a kan na'urarka, a awa ta bakwai wuta ta ɗauke, ba zai dawo ba, kuma darajarka a shafin ta faɗi. Ga data, aiki ɗaya zai iya sauke giga masu yawa. Mai 3060 da intanet na waya zai daɗe yana jiran mai haya.

Fati_Zinder:
Ina yi muku gargaɗi da wani abu tunda ana maganar. Bayan na ga ba zan iya sayen kati ba, wata ƙawata ta nuna min wata manhaja, wai ka biya su su yi maka mainin a na'urorinsu da ke ƙasar waje, kullum riba tana shigowa. Na sa jaka hamsin na sefa. Sati uku ina ganin lamba tana hawa a allo, har na cire kaɗan sau ɗaya, sai na ƙara zubawa. Ranar da na nemi cire duka aka ce sai na biya kuɗin buɗe asusu. Bayan kwana biyu manhajar ta daina buɗewa. Cinikin biri a sama na yi. Gara mai kati, ko ba komai yana da abin da zai riƙe a hannu ya sayar.

Kamalu_BTC:
Allah ya mayar miki da alheri Fati. Duk wanda ya yi alkawarin riba tsayayya kullum a mainin ƙarya yake, mu da muke ciki ba mu san abin da gobe za ta kawo ba.

Dan_Beirut:
Mu dawo kan Sadiq. Ni shawarata ta rabu biyu. In don mainin ne, kar ka saya. Amma kai mai zane ne, in kana haɗa bidiyo ko zanen gini mai siffa uku, 3060 mai giga 12 kati ne mai kyau, zai rage maka lokacin jira sosai, kuma aiki ɗaya na biki zai ba ka abin da mainin ba zai ba ka a wata ba. In ka yanke za ka saya don aiki, ka ɗauka cewa an yi mainin da shi, ka gwada shi a gabanka. Juya fankokin da yatsa ka ji ko suna karkarwa ko suna gurnani. Duba sukurorin baya ko an taɓa kwance su. Haska fitila cikin ƙarafan sanyaya, in ka ga tsatsa ko maiƙo yana tsatsowa daga gefen ma'ajiyar, ya sha zafi. Sa masa manhajar gwajin kati ta FurMark na minti talatin, ka buɗe manhajar GPU-Z kana kallon zafinsa, ka lura ko allo zai kawo ɗigo-ɗigo ko layuka. Katin mainin ba lallai ya zama mara kyau ba, da yawa an rage musu wuta ne suna aiki a natse, abin da ya fi gajiya fanka ce da man sanyaya, kuma duka ana canzawa. Kuma ka taya ƙasa da 320.

Sadiq_Zane:
Na dawo da bayani. Mai katin ya yarda ya bar min shi kwana biyu. Na ari ƙaramar mitar soket wajen wani mai gyara, na cire komai na bar kwamfutar kaɗai a kai, kuma saboda maganar Hajiya Ummu Sultan a shagon na kwana. Cikin awa 48 an ɗauke wuta na kamar awa biyar. Mitar ta nuna yunit 8 da ɗan ɗori, wajen naira 1,750 ke nan. Abin da ya taru a NiceHash da na mayar naira bai kai 700 ba, kuma bai isa a cire ba. Shagon kuwa ko da asuba da ɗumi yake. Amma na gwada fitar da wani bidiyon walima da yake cin min kusan awa ɗaya, ya gama kafin in idar da sallar la'asar in dawo. Na taya 280, ya ce zai yi shawara.

Nura_Kaspa:
In ya sallama ka saya, ka yi aikinka da shi. Amma kar ka goge manhajar mainin ɗin, ranar da wani sabon abu ya fito zan yi maka magana.

Injiniya_Sola:
In ya yi maka magana ka fara jona mitar soket ɗin tukuna.

Auwal_Dorayi:
Wai Monero fa da aka ce ba ta son kati, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ake haƙarta tun 2019? Ina da kwamfuta mai furosesa Ryzen 5 a gida tana zaune, akwai wanda ya auna nawa take ja a mita?